Darasin Ingilishi na kyauta da 'yan mishan na Mormon ke bayarwa a Lome, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwana 'yan kasuwar Maradi da ke sauka Lome ɗaukar kaya. Tambaya kan darasin Ingilishin nan na 'yan mishan a Lome ta yi mini yawa a WhatsApp, wannan ya ce da gaske ne kyauta ne, wancan ya ce ba dabara ba ce ta jan mutum coci, wani kuma so yake kawai ya san ko mutum na hita da Ingilishin da zai iya ciniki da shi, to na ga gara in rubuta sau guda kowa ya karanta. Amsata a taƙaice, eh kyauta ne, ko dala ba a karɓa, kuma yana buɗe baki ƙwarai, amma ba makaranta ba ce irin wadda kuka sani kuma masu koyarwar 'yan mishan ne da sunka bar garinsu don wa'azin addininsu, ba su ɓoye wannan ba ni ma ba zan ɓoye muku ba.

Kun san halin da muke ciki. Tun da anka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023 yawancin kayanmu ta tashar jirgin ruwan Lome suke bi, su hau kamyo su ratsa Togo har Sinkase, su shiga Burkina, su jira rakiyar sojoji kahin su kai Yamai, daga nan kuma sai Doso, Ƙonni, sannan Maradi. Duk wanda ya yi wagga hanya ya san rabin aikin jira ne. Ka jira kwantena ta sauka, ka jira takardun duwan, ka jira direba ya samu layi, kana zaune a Zongo kana shan shayi kana kirga kwanaki kuɗin masauki na tahiya. Wanga zama ne ya sa na nemi abin da zan yi da yammacina. Kuma Ingilishi ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don mai sayar maka da kaya a Caina da Ingilishi yake rubuto saƙo, na Dubai haka, ka tsallaka Aflawo nan kusa da Lome ka shiga Gana Faransancinka ya ƙare, ko Legas ka je sai ka nemi ɗan uwa Bahaushe ya tsaya maka tsakani, kuma tafinta komi kirkinsa ba kamar ka ji da kunnenka ba. Togo kanta ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022, shi ya sa matasansu sun rungumi Ingilishi sosai yanzu. Mu ma a gida kundin da anka fitar a 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Mun yi shi a kwalej tun daga sizyem, mun hardace jerin kalmomin aikatau don jarabawa, amma ka tsaida wanda ya ci BEPC ka ce ya tambayi farashin buhun shinkafa da Ingilishi ka ga yadda zai yi zuru.

Sunan tsarin EnglishConnect. Na cocin nan ne da mutane ke kira Mormon, su dai sun fi son a kira su da cikakken sunansu, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya nemi a daina amfani da gajeren sunan. Wani Ba'amurke Joseph Smith ne ya kafa shi a 1830 a jihar New York, hedikwatarsu tana birnin Salt Lake a jihar Utah, mabiyansu sun haura miliyan 17 a duniya. Darasin mataki uku ne. Na 1 na wanda bai iya komi ba ko ya iya kaɗan, na 2 na wanda ya fara haɗa magana, waɗannan biyun su ne ake yi a rukuni ido da ido kuma su na halarta, kowane yana da darussa 25. Na 3 ta intanet ake yin shi, shiri ne na wanda ke son ya ci gaba da karatun jami'a ta tsarinsu na BYU-Pathway, wannan ba shi ne damuwar ɗan kasuwa ba don haka na bar shi nan.

Yadda ajin yake. Sau ɗaya a sati ne, da yamma, a cikin ginin cocinsu amma ba a zauren da suke ibada ba, wani ɗaki ne na gefe mai allo da kujerun ƙarfe masu naɗewa da fanka. Ba a tambayarka katin ɗan ƙasa, ba rajista mai kuɗi, sunanka da lambar waya kawai in ka ga dama. Mutanen da na tarar iri iri ne, ɗalibai, mata masu sayar da atamfa a babbar kasuwar Lome, direban tasi, wani dattijo mai ritaya da ɗiyansa ke Amurka yana son ya riƙa magana da jikokinsa, sai mu 'yan Zongo biyu uku. Abin da ya burge ni tun farko shi ne malamin ba ya cinye lokacin da surutu. Zai rubuta tsarin jimla guda a allo, misali yadda ake tambayar kuɗin abu da yadda ake amsawa, a maimaita tare, sannan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ku yi ta yi, bayan 'yan mintuna ya tafa hannu a canza abokin magana. Haka za ka zagaya ɗakin ka faɗi abu guda ga mutum biyar shida, kahin a tashi jimlar ta zauna a bakinka ba a kaye ba. Ranar darasin saye da sayarwa ɗaya daga cikin samarin 'yan mishan ɗin ya zo da leda, ya zazzage kan tebur, sabulu, bik, gwangwanin tumatir, batir, silifa ƙafa ɗaya, ya manna wa kowane ƙaramar takarda da farashi, ya ce yau nan kasuwa ce. Anka haɗa ni da wata mai atamfa, ita ce mai saye ni ne mai kaya, wallahi matar nan ta matsa mini da ragi da guntun Ingilishinta har sai da na ji zufa, na ƙi sallamawa ita ma ta ƙi ƙarawa, duk ajin anka tsaya ana kallonmu ana dariya, kuma daga ranar lambobi daga goma sha uku zuwa sha tara da talatin zuwa tis'in da kullum suke rikita mini kunne sunka rabu a kaina. Darussan duk na rayuwar yau da kullum ne, gaisuwa, gabatar da kai, iyali, abinci, lokaci, kwatancen hanya, rashin lahiya, aiki. Ba ruwansu da dogon bayanin nahawu.

Sai da na san yadda samarin nan ke rayuwa na gane dalilin da ya sa ajin yake haka, kyaunsa da gazawarsa duka daga nan sunka hito, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Duk wanda ya zauna Lome ko Kwatano ko Abijan ya gan su, samari biyu biyu, farar riga, karabat, baƙin wando, ɗan baƙin allo na roba a ƙirji mai ɗauke da sunan mutum da sunan cocin, jaka a kafaɗa, suna tahiya a ƙasa cikin rana takalma duk jar ƙura. Yara ne fa, maza daga shekara 18 zuwa 25 suke hitowa, su yi shekara 2 cur, 'yan mata kuma wata 18. Ba su ke zaɓen ƙasar da za su ba, mutum ya cika takardu ya aika, wasiƙa ta zo daga hedikwata ta ce ga inda za ka, ko Japan ko Biraziliya ko Togo, kuma ga harshen da za ka yi aiki da shi. Ba albashi ake ba su ba, su ne ma ke biya, a Amurka iyali kan zuba wani adadi na kuɗi kowane wata, kuɗin na shiga asusu guda a raba wa kowa daidai da tsadar inda yake, waɗanda sunka hito daga ƙasashe irin namu ba su da wannan ƙarfin sai asusun cocin ya cike musu. Irinsu sun haura 70,000 a duniya. Kuma kada ku zaci duk Turawa ne, a Afirka ta Yamma da yawansu 'yan Afirka ne, daga Najeriya, Gana, Kodebuwa, Kwango. Biyun da na fi sabawa da su ɗaya Ba'amurke ne ɗaya ɗan Gana.

Kahin a kawo su fage sai sun bi ta cibiyar horo, ta yankinmu tana Akara, da farko a Tema anka buɗe ta a 2002 sannan anka maida ta Akara a 2017. Wanda ya riga ya iya harshen wajen sati 3 yake yi, wanda zai koyi sabon harshe sati 6 zuwa 9, shi ke nan, sai a jefa shi cikin gari. Ba'amurken nan ya ce mini ranar da ya sauka ko gaisuwar mai burodi bai gane ba, Faransancin da anka koya mishi a aji daban wanda ake yi a titi daban, ga harsunan Mina da Ewe da mutanen Lome ke haɗawa ciki. Amma dole ya buɗe baki kowace rana daga sahe har dare yana yi wa baƙi magana, ana mishi dariya ana gyara mishi, cikin 'yan watanni ya kama. Lokacin da na san shi yana ciniki da mai kabu-kabu da Faransanci har da zolaya da Mina. To wanda ya sha irin wannan ya san ainihin ciwon mai koyon harshe, kunya ce ba rashin ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa ko ka kwaɓa magana yaya ba za ka ga ya yamutsa fuska ba, zai maimaita maka daidai a hankali kamar bai lura ba ya ce ci gaba. Na yi zaman aji da malamai masu digiri da ba su da wanga haƙuri.

Ranarsu a tsare take tun daga farkawa. Tsarin da anka sani shi ne tashi 6:30 na sahe kwanciya 10:30 na dare, shugaban yankin na iya matsar da shi daidai da yanayin ƙasa. Motsa jiki na rabin awa, karatun littattafansu kowa shi kaɗai, karatu tare da abokin zama, karatun harshe, su tsara inda za su, sannan su hita. Abokin zaman nan ba a rabuwa da shi, tamkar tif da taya, inda ɗaya ya sa ƙafa nan ɗayan zai sa, doka ce sai suna ganin juna suna jin juna in ban da bayan gida da wanka, kuma ba kai ka zaɓe shi ba. Ba talabijin, ba silima, ba budurwa, ba iyo a ruwa duk da ga teku nan a bakin Lome. Rana ɗaya a sati, galibi Litinin, ita ce tasu, su wanke kaya da hannu, su share ɗaki, su yi cefane, su yi aski, su buga ƙwallo, su kira gida. Kiran gidan ma sabon abu ne, sai a 2019 anka yarje musu kowane sati, kahin nan sau biyu ne a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, saura sai wasiƙa. Na tuna uwata da in na kwana biyu ban kira ba sai ta sa ƙanena ya neme ni, na ce lalle iyayen yaran nan suna da ƙarfin zuciya. Suna kwana cikin gidan sauro, suna shan maganin rigakafin masassara, ruwan sha sai sun tace, duk da haka ɗan Ganan ya ce da wuya Bature ya gama shekara biyunsa bai kwanta ba ko sau ɗaya.

Akwai ranar da sunka biyo ta Zongo munka haɗu a hanya, na ja su inda muke zama ƙarƙashin rumfa, maigidan da nike sauka wurinsa, dattijo ne ɗan asalin Tasawa da ya daɗe a Lome, ya sa yaro ya ɗora shayi. Anka zuba na farko mai kumfa anka miƙa musu, sai sunka sa hannu a ƙirji sunka ce a yi haƙuri ba su sha. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai yaro, baƙinka lahiya? Ko sikarin ne ya yi musu yawa?" Na ce a'a Baba Alhaji, addininsu ne ya hana. Dokarsu ta hana giya, taba, kafe da shayi, baƙi da kore duka. Alhaji ya yi shiru ya ce, "To giya da taba mun ji, amma shayi me ya yi musu?" Ya aika anka sawo musu lemu mai sanyi da ƙosai, sunka zauna kan tabarma sunka ci da hannu, Ba'amurken yana ta hura baki saboda yaji amma bai bari ba. Da anka kira la'asar munka tashi, su da kansu sunka matsa gefe sunka yi shiru har munka sallame. Suna azumi su ma, Lahadin farko na kowane wata, ba ci ba sha su tsallake abinci biyu, kuɗin abincin su ba da sadaka ga mabuƙata, kuma suna fidda kashi ɗaya cikin goma na abin da sunka samu. Na faɗi wannan ne don ku san ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, mutane ne masu riƙo da abinsu.

Yanzu inda abin ya gaza, don duk mai niyya ya shiga da saninsa. Tsarinsu ne kowane sati 6 ana sauya musu wuri, ba dole kowa ya tashi ba amma kowa na iya tashi, waya kawai za ta zo a ce gobe ka haɗa jakarka za ka wani gari ko wata unguwa. Ma'ana malamin da ka saba da muryarsa ya san inda kake tuntuɓe ba lalle ka gama littafi guda da shi ba. Abin da ke ceto shi ne littafin ɗaya ne ko'ina kuma darussan a jere suke, sabon zai ɗora daga lambar da anka tsaya, wani lokacin ma 'yan cocin na gari ne ke riƙe ajin samarin suna taimakawa, irin wannan ajin ya fi ɗorewa, in kana da zaɓi shi za ka nema. Na biyu, ba malaman makaranta ba ne, yara ne da sunka gama lise, sun iya harshen amma ka tambaye su dalilin da ya sa anka ce kaza ba kaza ba sau da yawa amsar ita ce haka ake faɗi. Wanda ke shirin BAC ko jarabawar neman bursu kada ya dogara da wannan shi kaɗai, ya nemi malamin nahawu. Sannan lafazin, littafin da muryoyin da ke ciki na Amurka ne, suna haɗiye haruffa, alhali mutumin da za ka yi ciniki da shi a Kano ko Legas ko Gwanzu ta Caina ba haka yake magana ba. A nan ɗan Ganan ya yi mini rana ƙwarai, nasa ya fi kusa da abin da kunnenmu ya saba. Kuma sau ɗaya a sati ba ya isa, su da kansu suna faɗi, tsarin an gina shi ne kan ka yi karatunka kullum a gida ka zo aji ka gwada, wanda ya zo hannu rabbana sati bayan sati zai yi wata uku yana nan inda yake.

Sai babbar maganar, addini. Ana buɗe aji da addu'a irin tasu a rufe da ita, kuma kowane darasi akwai ɗan guntun nasiha na 'yan mintuna kan himma da dogaro ga Allah wajen koyo, wani lokaci da aya daga Baibul ko daga nasu littafin, Littafin Mormon. Ba a tilasta kowa ya yi addu'ar ko ya ce amin, ni zama nike in yi shiru har su gama. In an tashi sukan ce duk mai son ƙarin bayani kan cocin ya tsaya, wanda bai so ya kama gabansa. Ranar farko na gaya musu ni Musulmi ne Ingilishi ya kawo ni, sunka ce madalla, kuma ba su taɓa bina masauki da wa'azi ba. Amma ban yarda in ce muku ajin ba shi da alaƙa da aikinsu ba, yana da ita, hanya ce ta sanin mutane, don haka sunka tsallako teku. Aƙidarsu kuma ta yi hannun riga da tamu a wurare manya, suna cewa Annabi Isa ɗan Allah ne, sun ɗauki Joseph Smith annabi, kuma suna ɗaukar shugaban cocinsu na kowane zamani a matsayin annabi mai rai, mu kuwa mun san an rufe annabci da Manzon Allah SAW. Wannan ba abin da za a shafa wa mai ba ne. Maganar da ake yaɗawa cewa suna auren mata da yawa tsohon labari ne, cocin ya sanar da daina shi tun 1890. Akwai kuma tarihin da ya kamata baƙar fata ya sani, har zuwa 1978 ba su ba baƙaƙe matsayin limanci a cocinsu, a shekarar ne anka ɗage hanin kuma a ƙarshenta 'yan mishan ɗinsu sunka shiga Najeriya da Gana a hukumance. Na tambayi ɗan Ganan kan wannan kai tsaye, bai kauce ba, ya ce gaskiya ne kuma abu ne da shi ma ya yi ta tunani a kai kahin ya hito.

Mu mutanen Maradi ba yau munka fara ganin 'yan mishan ba, asibitin Danja na nan kusa da mu, Galmi na kan hanyar Ƙonni, iyayenmu sun je sun yi magani sun komo da addininsu. Waɗancan wata ƙungiya ce daban ba ruwansu da waɗannan, amma hankalin da ake shiga da shi guda ne. Da na komo gida na kai maganar gaban kawuna wanda ya karantar da mu tun muna allo, na zayyana mishi komi har addu'ar buɗewa. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu ka san abin da ka riƙe, ka ɗauki harshen ka bar musu saura. Amma kada ka ɗauki yaro ƙarami da ko Ahalari bai gama ba ka tura shi shi kaɗai." Na ce to Kawu. Kuma ra'ayina ke nan har yau, babba mai hankalinsa ya je, yaro matashi da ke zaman jiran mota a Lome ba kowa a kansa kuwa a haɗa shi da babba ko a bar shi da littafin kawai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga harabar coci ba shi ma kada ya matsa wa kansa, akwai hanya ta biyu.

Hanyar ita ce littattafan suna kan intanet kyauta, ana sauke su a waya, akwai mai bayani da Faransanci, akwai muryoyin saurare. Ni na sauke na kai anka buga mini a wani shagon fotokopi kusa da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo anka ɗinke da zobe, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ku sauke komi lokacin da rezo ke da kyau, can cikin dare, don da rana wani lokacin sai forfe ya ƙare fayil bai gama sauka ba. Yanzu a fadarmu ta unguwar Zariya a nan Maradi bayan isha'i muna yin abin da na gani a Lome, mu kan kai shida bakwai, akwai mai shagon kayan waya, akwai mai sayar da kayan babur da ke zuwa Kano ta Dan Isa da Jibiya, akwai ɗalibi guda da ya fi mu nahawu shi ke riƙe littafi. Mu karanta tsarin jimlar, kowa ya kama na kusa da shi, a canza, shayi na kan wuta. Guntun nasihar addinin mukan tsallake shi mu shiga darasi kai tsaye, bai rage komi daga Ingilishin ba. Abin da ba mu da shi shi ne wanda harshen uwarsa ne da zai gyara muna lafazi nan take, muryoyin waya ke maye gurbin amma ba su kai ba, don waya ba ta ce maka sake faɗi.

Abu ɗaya da har yanzu nike nema ban samu cikin littafin ba shi ne Ingilishin fatauci na gaske. Yana koya maka sayen riga a shago, amma ba ya koya maka yadda za ka rubuta wa mai masana'anta cewa katan ashirin sun zo a jiƙe, ko ka nemi a ɗaga maka biyan sauran kuɗi har kwantena ta iso, ko ka karanta takardar lodin jirgi ka gane wane ne ke biyan kuɗin dako da inshora. Wannan mu muke haɗa shi da kanmu, duk wanda saƙo ya zo mishi daga mai kayansa sai ya goge suna da farashi ya kawo fada mu warware shi jimla jimla, mu rubuta amsa tare a kaye, ɗalibin ya duba. In akwai wani ɗan Maradi da ya daɗe yana hulɗa da Legas ko Dubai da zai iya ba mu dare ɗaya a sati kan wanga fanni, ya yi mini magana ta inbox don Allah, kuɗin man babur ɗinsa a kanmu.